Yadda Fenti Ya Cinye Huhun Kawu Lawali

Na daɗe ina son rubuta wannan, in fara in ajiye. Abin da ya sa na daure yau shi ne ƴan uwanmu da ke ƙasar nan suna aiki cikin warin fenti da gam da ƙurar siminti, suna tari suna cewa sanyi ne. Kawuna ma haka ya ce, ni kuma na yarda da shi har wata shida.

Sunana Ramatu, daga Damagaram. Karatu ya kawo ni Paris, ina zaune a wani ɗan ɗaki a hawa na shida a Goutte d'Or. Kawu Lawali yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun kafin a haife ni aka turo shi Lyon koyon aikin buga takardu, bai koma gida ba sai ziyara. In aka tambayi Mama aikinsa sai ta ce, "Yana imprimerie," ta sako wata maganar.

Sai da na zo na ga aikin da idona. Afish yake zanawa, manyan takardun nan da ake mannawa a bango in za a yi wasan kiɗa. Kiɗan kuma na Turawan nan ne masu dogon gashi da gita mai tsage kunne, wanda suke kira rock psychédélique. Zanen nasa kamar an ɗora launi a wuta ya narke. Ruwan lemu a jikin shunayya, kore a jikin ja, har ido ya yi ruwa. Haruffan suna lanƙwasa, wannan ya shige cikin wancan, gashin mace ya zama sunan makaɗa, sunan ya zama hayaƙi. Ranar farko na ce masa, "Kawu, wannan ai kai yake juya wa mutum." Ya yi dariya ya ce, "Dubi da kyau, ɗiyata. Ba ki gane bangon gidajen Birni ba? Ba ki gane aikin wuyan babbar riga ba? Su suna zaton na sha wani abu ne. Ni gida nake tunawa."

Shi da abokinsa Gérard, wani Bature mai furfura da yake ɗaure gashi a ƙeya, suke buga afish ɗin da hannu a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Ƙyalle ne mai laushi a ɗaure jikin katako, su zuba fenti su ja shi da roba, launi ɗaya bayan ɗaya, sannan su wanke ƙyallen da wani ruwa mai wari da ke hawa kai. Ɗakin ba taga. Gérard yana da wani aikin, kwana biyu a mako yake zuwa. Kawu kullum yana ciki, sama da shekara talatin, ba ya rufe hanci da komai. Na shiga na yi minti goma na fito da ciwon kai. Na ji warin, na ga ɗakin, ban ce komai ba.

Tarin ya fara ne a ƙarshen hutun bazara. Busasshe, ba majina, ba zazzaɓi. A waya nake jin sa yana katse masa magana. "Sanyin Lyon ne," in ji shi. Da sanyi ya shigo na gaske ya ce taba ce, alhali ya bar taba da daɗewa. Likitan unguwa ya rubuta masa siro, maganin tari na ruwa, ya sha kwalba uku. Ni ina Paris ina fama da rubutun digirina, in kira shi ran Juma'a, in ji tarin, in ce Allah ya sawwaƙe, in kashe waya.

Gérard ne ya kira ni wata Talata da hantsi. Ya ce sun fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, matakala goma sha biyu kacal, kawuna ya zauna a ta takwas ya kasa tashi. "Leɓensa ya yi shuɗi, Ramatu. Ya hana ni kiran kowa. Ki zo."

Na bar laburare ko littattafan ban mayar ba. Awa biyu ne a jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon, na yi su a tsaye tsakanin tarago da tarago, na kasa zama.

A makon farko muka kwashi kashinmu a hannu a urgences, sashen gaggawa na asibiti. Mun shiga ƙarfe goma na safe, ba a kira mu ba sai bayan la'asar. Kawu yana kan kujerar ƙarfe yana zana fuskokin masu jira a bayan takardar magani, ni ina zarya daga taga zuwa ƙofa. Matar da ke rubuta sunaye ta ce in zauna, ina hana mutane wucewa. Na yi mata tsawa, abin da har yau nake jin kunyarsa, don ita ce daga baya ta kawo masa ruwa da bargo. Aka yi masa hoton ƙirji. Wata matashiyar likita ta sa abin saurare a bayansa, ta daɗe, ta kira wani ya zo ya saurara shi ma. Ta ɗaga yatsun Kawu ta duba. Sai a lokacin na lura kawunan yatsun sun kumbura, farcen ya lanƙwashe. Na sha ganin hannun nan, fenti ne ya rufe min ido.

Suka ce sai ya ga likitan huhu. Rendez-vous ɗin da aka ba mu, wato ranar ganinsa, wata uku ne a gaba. Na ce, mutumin da ba ya iya hawa matakala goma? Aka ce haka layin yake. Na koma Paris, kowace safiya kafin in shiga aji in kira ofishin in tambaya ko wani ya fasa zuwa. A rana ta goma sha ɗaya sakatariyar ta gane muryata tun ban faɗi suna ba, ta ce, "Jibi, ƙarfe tara. Kada ku makara." Allah ya saka mata, ban taɓa ganin fuskarta ba.

A mako na uku muka ji sunan ciwon. Likitan dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya juyo mana da allon kwamfuta, ya nuna ƙasan huhun, ya ce wurin ya zama kamar saƙar zuma. Fibrose. Ya ce huhun ne yake taurin tabo, kuma inda ya yi tabo ba ya dawowa. Ya tambayi aikin Kawu, ya tambayi taga, ya tambayi abin rufe hanci. Ya ajiye biro. Ya ce ba zai rantse cewa fentin ne kaɗai ba, amma da ɗan uwansa ne da tuni ya fitar da shi daga ɗakin nan. Na tambaye shi magani. Abin da ya ce ya zauna min a kai da Faransancinsa: "On ne guérit pas, on freine." Ba a warkarwa, birki kawai ake takawa.

A cikin tram, jirgin cikin gari, Kawu ya ce, "Kada ki gaya wa uwarki."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, na riga na gaya mata."

Daga ranar wayata ba ta huta ba. Mama ta aiko da zuma da habbatus sauda da rubutu a gora ta hannun wani mai zuwa daga Niamey. Gwaggona ta ce a dafa kanumfari da citta a turara shi, alhali hayaƙi ko na girki ba ya iya shaƙa. Wani ɗan uwanmu a Clichy-sous-Bois ya kira ni ya ce, "Ramatu, mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum ya shekara talatin yana zana surori don gidajen giya, me kike jira? A ƙone takardun nan tukuna a ga ko ba zai samu sauƙi ba." Na kashe wayar. Zumar dai Kawu ya sha, rubutun ma ya sha, ya ce ɗanɗanon gida ne. Maganar ƙona takardu ban taɓa kai masa ba.

Maganin asibiti ya kumbura masa fuska, ya hana shi barci, ya sa shi faɗa. A mako na shida aka kawo injin oksijan gida, da ƙananan kwalabe na fita. Gidansa yana hawa na goma sha ɗaya a Minguettes, a Vénissieux. Ni kuma rayuwata ta koma jirgin ƙasa: Juma'a da yamma in tafi, Litinin da asuba in dawo, jaka ɗaya ba na ma kwance ta. In ina Lyon ina tunanin babin da malamina yake jira. In ina Paris kowace ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Ban zauna wuri ɗaya da zuciya ɗaya ba tsawon shekarar nan.

A mako na tara ascenseur ɗin ginin, na'urar da ke hawa da mutane bene, ya lalace. Kwana goma sha biyu. Mai kawo kwalaben oksijan ya ce ba aikinsa ba ne hawa bene goma sha ɗaya, ya ajiye su a ƙasa. Na kira masu kula da ginin har na haddace kiɗan da suke sa wa mai jira. Ina tsaye a kan kwalaben ina kuka sai ga Alhaji Idi, dattijon da ƴan Nijar na unguwar suke kai wa matsalarsu, ɗan Maradi, ya yi ritaya daga aikin sito. Na san shi da Kawu ba sa ga maciji. Shekaru yana cewa Lawali ya watsar da jama'a ya bi masu gita.

"Ɗiyar nan, lafiya? Ina gajiya? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Alhaji."

Ya dubi kwalaben, ya dubi matakala. "Da sauƙi kike kuka?" Bai jira amsa ba. Ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya saɓa ɗaya a kafaɗa. Mutum mai shekara kusan saba'in. A hawa na biyar ya zauna, a na takwas ya sake zama. Da Kawu ya buɗe ƙofa ya gan shi yana haki, sai ya ce, "Idi, shigo in ara maka tiyon oksijan, ka fi ni buƙata." Suka yi dariya har tari ya turnuƙe Kawu. Washegari Alhaji ya tsara mutane, kowa da ranarsa, har aka gyara ascenseur. Shi ne kuma ya riƙa zuwa ran Laraba su yi azahar tare, Kawu a zaune kan kujera. Bai taɓa ce masa uffan kan afish ɗin da suka rufe bangon falon ba. Sai dai ya juya darduma inda ba ya fuskantar su.

A wata na biyar likitan ya ce akwai hanya ɗaya da ta rage, dashen huhu, amma sai wasu likitoci a Paris sun duba ko jikinsa zai ɗauka. Na ɗauko shi da kwalabe biyu. Ɗakina hawa na shida ne ba ascenseur, don haka wata maƙwabciyata ƴar Mali da ke ƙasa ta bar mana falonta na kwana huɗu, ta ƙi karɓar ko godiya. Kwana uku ana jan jini, ana sa shi busa cikin bututu, ana sa shi tafiya a baranda ana duba agogo. Ya dage ƙwarai. Na ga yana cije leɓe don kada ya tsaya.

A rana ta uku muna dawowa a taksi ya ce direba ya tsaya. Wani shago ne na tsofaffin faya-fayai, a tagarsa an rataye afish cikin gilashi: wata ƙatuwar rana mai ruwan lemu, haruffa suna zuba daga cikinta. Nasa ne, na shekarun da ban ma zo duniya ba. Muka shiga, shi yana jan kwalbarsa a kan ƴar tayarta. Mai shagon ya dubi tsohon baƙar fata da tiyo a hanci, ya ce wannan ba na sayarwa ga kowa ba ne, na masu tarawa ne, wani gwani ne a Lyon ya yi shi, ba a san ko yana raye ba.

Kawu ya ce, "Yana raye, kaɗan-kaɗan. Juya shi ka duba ƙasa ta hagu. Akwai shatin babban yatsa da koren fenti. Ya zame min ne ranar, ba ni da wata takardar."

Mutumin ya sauke, ya buɗe bayan gilashin, ya duba. Ya dubi hannun Kawu. Fuskarsa ta yi ja. Ya jawo kujera da sauri, ya kira matarsa daga ciki, ya ce ta zo ta ga wanda ya shigo. Mun yi awa guda a shagon, har kwalbar ta kusa ƙarewa ina ta nuna masa allurar ma'aunin iskar. A taksi ya ce, "Da uwarki ta ga wannan."

Amsar likitocin ta zo bayan mako biyu. Shekarunsa sun yi yawa, zuciyarsa ma ta gaji. Ba za a yi ba. Ni na karanta masa takardar. Ya ce, "To. Alhamdu lillahi. Miƙo min alƙaluman can."

Wasu matasa masu kiɗa a Lyon sun daɗe suna roƙonsa ya yi musu afish, yana cewa sai ya warke. Yanzu ya ce a gaya musu ya karɓa. Na yi faɗa. Na ce, "Kawu, abin da ya kwantar da ku za ku koma wa?" Ya ce ba zai taɓa fenti ba, a gado zai zana, Gérard ya buga a wani wuri mai iska, da abin rufe hanci, in ba haka ba bai yafe ba. Gérard ya rantse. Ya kuma je an duba nasa huhun, don na ce ba zai sake taka gidan ba sai da takardar likita a hannu. Nasa lafiya lau, ya zo yana nuna min kamar ɗan makaranta.

Mako bakwai yana zanen nan. Hannun yana rawa, sai ya bar rawar ta shiga cikin layin. Ya zana minti goma, ya huta rabin awa. Numfashinsa ya koma gajere, magana kalma uku-uku. Cin abinci ma aiki ne, sai kunun gero da matar Alhaji take damawa, cokali biyar ya ture. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa safe da yamma, ita ta koya min yadda zan zaunar da shi in ya rikice, in buɗe taga, in riƙe hannunsa, kada in nuna tsoro. Wannan na ƙarshen ban taɓa iyawa ba. Na rubuta wa malamina na ce a ɗaga min shekara. Ya amince, da ƴar gajeruwar amsa mai sanyi.

Mama ta so a kawo shi gida. Likita ya ce jirgin sama ba zai yiwu ba. Na haɗa su a waya ran wata Lahadi, na fita baranda don in ba su wuri, amma ina ji. Ita ke magana, shi yana "I… i." Can na ji ya ce, "Hadiza. Ban yi. Abin kunya ba." Da na karɓi wayar tana kuka, ta ce, "Ki ce masa na sani. Ki ce masa ni ce ban tambaya ba."

Ya gama zanen ran Litinin. Gérard ya zo ya naɗe shi a hankali ya tafi da shi. Ran Alhamis da safe, wajen ƙarfe tara, ina goge masa fuska da tsumma mai ɗumi, Alhaji yana gefe yana karanta masa kalmar shahada a hankali, leɓensa yana bi. Numfashin da muka yi watanni muna bi da kwalba da tiyo ya fita bai dawo ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Injin ya ci gaba da ƙara shi kaɗai har sai da Alhaji ya ce, "Kashe shi, ɗiyata."

Alhaji ne ya yi masa wanka. An binne shi a ɓangaren musulmi na wata maƙabarta a bayan gari. Gérard ya gaya min, sahun ƴan Nijar a gaba, bayansu Turawa sun fi talatin, masu furfura da rigunan fata, sun tsaya hannu a haɗe ba wanda ya yi motsi. Da aka zo zuba ƙasa Alhaji ya juya ya miƙa wa Gérard shebur. Ɗan uwanmu na Clichy ma ya zo. Mun gaisa, ban ƙara ba.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. Tarin da ya wuce wata guda ba sanyi ba ne har sai likita ya saurari bayanka ya ce sanyi ne. In siro bai yi ba, a koma, a nemi hoton ƙirji, a faɗi irin aikin da ake yi ko ba a tambaya ba. In aka ba ku rendez-vous mai nisa, ku dame su da waya. Mai aiki cikin wari ya rufe hancinsa ko abokan aiki za su yi masa dariya. Wanda kuma ya shiga wurin aikin ɗan uwansa ya fito da ciwon kai, ya buɗe baki ya yi magana. Ni kunyar babba ta hana ni. Allah ya jiƙan Kawu Lawali, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka wa duk wanda ya hau benen nan dominsa.

Mako uku bayan rasuwar na kwashe kayansa na miƙa makullin gidan. Ina jan akwati zuwa tashar jirgin ƙasa da safe, sai na ga bangon wata gada an jera afish ɗinsa na ƙarshe, sun fi ashirin, shuɗi da ruwan ƙwai, layukan suna rawa. Ban taɓa ganinsa a buge ba. An yi wasan tun shekaranjiya, wani ma'aikacin tsabtace gari yana fesa musu ruwa yana kankarewa, ya riga ya cinye rabi. Na saki akwatin a tsakiyar hanya na ruga.

"Monsieur, don Allah, ku bar min ɗaya."

Ya ce ba a ba shi izinin barin komai a bango ba. Na ce kawuna ne ya zana, ya rasu. Ya dube ni, ya kashe ruwan. Ya zaɓi wanda bai yage ba, ya sa bakin abin kankarar a kusurwa, ya bi shi a hankali, ya fi minti biyar, mutane suna kewaye akwatina suna tsaki. Ya ɗago shi gaba ɗaya, jiƙe sharkaf, gam yana ɗiga, ya ɗora min a hannu biyu.

Ba shi naɗuwa, ba shi shiga jaka. Haka na shiga jirgin da shi, na shimfiɗa shi a cinyata, ruwan ya ratsa zanena har fata. Na zauna ban motsa ba har Paris.